Bambancin suna a takardu da neman bizar aure ta Birtaniya

A kowace shekara dubban mutane ne daga sassa daban-daban na duniya ke neman takardar izinin shiga Birtaniya, wato biza, domin su je su zauna tare da mazajensu ko matansu. Akasarin masu neman kan mayar da hankali ne ga sharuɗɗan da aka fi yayatawa, kamar yawan kuɗin shigar wanda ke zaune a can, da jarrabawar Turanci, da gwajin tarin fuka.

Sai dai akwai wani abu da ke gaban waɗannan duka, wanda ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da aka baje takardu: shin sunan da ke jikinsu iri ɗaya ne?

Ga mutanen arewacin Najeriya da na Jamhuriyar Nijar, ba kasafai amsar kan zama e ba. Kuma galibi ba don wani ya yi nufin yaudara ba ne, illa dai yadda Bahaushe ke raɗa suna da kiran sa ya sha bamban da yadda aka tsara takardun Turawa.

Tushen matsalar

Fom ɗin biza gurbi biyu ya tanada: sunan mutum, da sunan danginsa, wanda ake sa ran ya gada daga kakanni kuma ba ya sauyawa. A al'adar Hausa babu irin wannan suna na biyu. Akwai sunan yanka, wanda ake raɗawa ranar bakwai, sannan a jingina mutum ga mahaifinsa, ko garinsu, ko sana'arsa, ko sarautar gidansu.

Makarantun boko na zamanin mulkin mallaka su ne suka fara matsa wa mutane lamba su cike gurbi na biyu, kuma da yawa suka cike shi da sunan gari. Ta haka aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Aminu Kano, da Shehu Shagari. Har yau ɗalibi kan shiga firamare da sunan mahaifinsa, ya gama sakandare da sunan ƙauyensu, ya shiga jami'a da duka biyun.

Bayan wannan akwai laƙabi da alkunya. Yaron da ya ci sunan kakansa akan kira shi Abba ko Baffa, yarinya kuma Ummi ko Hajiya, har sunan ya bi su makaranta. Akwai kuma sunayen da kowane Bahaushe ya san tagwaye ne: Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu ko Buba; Usman shi ne Shehu; Fatima ita ce Binta; Khadija ita ce Hadiza ko Dije; A'isha ita ce Indo. Jami'in da ke duba takardu a Birtaniya bai san da wannan ba, kuma babu abin da ya wajabta masa sani.

Alal misali, a ɗauka ga wata mata mai sunan yanka Fatima, mahaifinta kuma Abubakar. Takardar haihuwarta na cewa Fatima Abubakar. Takardar gama firamare na cewa Binta Garba, domin haka ake kiran ta, haka kuma ake kiran mahaifinta. Wanda ya rubuta takardar aurenta ya sa Fadimatu Abubakar, ita kuma da ta je yin fasfo bayan biki sai ta sa sunan mijinta. Mutum ɗaya ce, babu wanda ya yi ƙarya, amma ga sunaye huɗu.

Rubutun boko ya ƙara dagula lamarin. Sunan Muhammad kaɗai ana rubuta shi Muhammadu, Mohammed, Mohammad, Muhammed, wasu ma su gajarta shi zuwa Moh'd ko harafin M kawai. A Nijar, inda ake bin ƙa'idar rubutun Faransanci, shi ne Mahamadou ko Mamane, Usman ya koma Ousmane, Yusuf ya koma Issoufou. Jerin sunayen ma kan juya: an san shugaban Nijar na farko da Diori Hamani, an kuma san shi da Hamani Diori. Iyalin da ke zaune tsakanin Maraɗi da Katsina na iya samun uba da ɗa da aka rubuta sunansu ɗaya ta hanyoyi biyu.

Abin da na'ura ke karantawa

A ƙasan shafin hoto na kowane fasfo na zamani akwai layuka biyu na manyan haruffa da lambobi, kowane layi da gurbi 44. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ICAO, ita ce ta tsara su, kuma su ne na'ura ke karantawa a filin jirgin sama da ofishin biza.

Gurbi 39 kacal aka ware wa suna, saboda haka suna mai tsawo akan datse shi. Haruffan Turanci 26 kaɗai ake amfani da su, babu masu ƙugiya, don haka Ɗanladi kan zama DANLADI. Ana kuma cire alamar hamza, Sa'adatu ta zama SAADATU. Irin wannan bambanci na ƙa'ida ne, jami'ai sun saba da shi, ba kuma abin damuwa ba ne.

Abin lura shi ne sunan da ke cikin fasfo shi ne ma'auni. Manufar Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Birtaniya ita ce mutum ya yi amfani da suna ɗaya a duk harkokin hukuma, kuma da sunan da ke cikin fasfo take bayar da biza. Saboda haka ko da kuskure ne aka yi a fasfo, da shi za a cike fom, harafi da harafi, sai fa idan an gyara fasfon kafin a nema.

Takardar aure

A nan ne aka fi samun tangarɗa, domin ita ce takardar da ke haɗa mutum biyu, kuma ita ce aka fi rubutawa da ka.

Dokar Najeriya ta amince da aure iri uku: na rajista a ƙarƙashin dokar aure ta 1914, da na gargajiya, da na Musulunci. A bisa ƙa'ida Birtaniya kan amince da auren da ya inganta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi. Ke nan auren da waliyyi da wakili suka ɗaura a gaban shaidu, aka ambaci sadaki, aure ne karɓaɓɓe ko da amarya ba ta wurin, kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa.

To amma da yake ba ango ko amarya ke faɗin sunansu ba, abin da kawu ko baffa ya faɗa shi magatakarda ke rubutawa. Sau da yawa ma ba a bayar da takarda a ranar, sai daga baya a je masallaci, ko kotun shari'ar Musulunci, ko ƙaramar hukuma a karɓo. Karɓar takarda daga baya ba laifi ba ne, muddin ta nuna ainihin ranar ɗaurin aure da ainihin ranar da aka bayar da ita.

Idan takardar da Hausa ce ko Larabci, dole a haɗa da fassararta zuwa Turanci, mai ɗauke da kwanan wata da sunan mai fassara da sa hannunsa da adireshinsa. Nan ma wata ƙofa ce ta kuskure: mai fassara kan rubuta suna yadda shi ya saba, sai a sami rubutu na uku da bai dace da fasfo ba. Ya kamata a nuna masa fasfon ma'auratan kafin ya fara.

Wasu kan ga mafita ita ce su je su sake ɗaura aure a ofishin rajista, don su sami takardar da suke ganin Turawa sun fi sani. Wannan mataki ne da ke buƙatar shawarar lauya. Auren rajista a Najeriya na mace ɗaya ne a idon doka, yana kuma da nasa hukunce-hukuncen na rabuwa. Bugu da ƙari yakan bar ma'aurata da ranakun aure biyu, waɗanda su ma sai an yi bayaninsu.

Yadda jami'in biza ke kallon lamarin

Ba kowane bambanci ne ke da nauyi ɗaya ba. Mohammed a wata takarda da Muhammad a wata, alhali ranar haihuwa da sauran bayanai sun dace, abu ne da gajeren bayani kan warware. Rashin sunan tsakiya a wata takarda, ko juyewar jerin sunaye, su ma haka.

Binta Garba da Fatima Abubakar kuwa wani abu ne daban. Ga wanda bai san Hausa ba, mutane biyu ne. Idan kuma aka haɗa da bambancin ranar haihuwa, lamarin ya fi tsanani, domin sharaɗi ne kowanne daga cikin ma'auratan ya kai shekara 18 a ranar da aka nemi bizar, kuma ranar haihuwa na cikin abubuwan da ake bambanta masu suna iri ɗaya da su. Mutane da dama da ba a yi wa rajistar haihuwa ba an ba su ranar 1 ga Janairu, wasu kuma sun rage shekaru a wata takarda saboda makaranta ko neman aiki, abin da kan dawo ya cije su bayan shekaru.

Nauyin kawo hujja yana kan mai nema ne. Dokokin sun bai wa jami'i damar ya nemi ƙarin takarda idan ya ga gibi, amma ba su tilasta masa ba. Wanda ya aika takardu masu karo da juna ba tare da bayani ba, yana fatan za a tambaye shi, na iya samun wasiƙar ƙin amincewa kawai.

A cikin fom ɗin akwai tambayar ko an taɓa sanin mutum da wani suna. Mutane da yawa kan amsa da a'a, don gudun jawo hankali. Kuskure ne babba. Duk wanda ya taɓa neman bizar Birtaniya an ɗauki hoton yatsunsa, kuma bayanan na nan a ajiye tare da sunan da ya bayar a lokacin. Matar da ta nemi bizar ziyara da sunan mahaifinta shekaru biyar da suka wuce, ta dawo yau da sunan miji ta ce ba ta taɓa amsa wani suna ba, ta mayar da abin da ba laifi ba ya zama kamar ɓoye gaskiya.

Mafi muni shi ne a nemi wani ya buga sabuwar takarda da tsohon kwanan wata domin sunaye su daidaita. Ofisoshin biza kan tuntuɓi hukumar da aka ce ita ta bayar da takarda. Idan aka gano ta jabu ce, za a iya ƙin bayar da bizar ko da auren na gaskiya ne, ko da kuma mai neman bai san abin da dillalinsa ya aikata ba. A wasu nau'o'in biza, hukuncin yaudara kan kai ga hana mutum shiga ƙasar har shekara 10.

Shin dole ne mace ta ɗauki sunan miji?

A'a. Babu wata doka a Birtaniya ko Najeriya da ta wajabta haka, kuma bambancin sunan miji da na mata ba ya rage wa neman biza komai. Malaman Musulunci da dama ma na ganin ya kamata mace ta ci gaba da jingina kanta ga mahaifinta, suna kafa hujja da aya ta 5 a Suratul Ahzab.

Ta fuskar takardu, matar da ba ta sauya suna ba ita ce ta fi samun sauƙi, domin takardar haihuwarta da ta makaranta da fasfonta duk abu ɗaya suke faɗa. Wadda ta sauya kuwa, takardar aure ce ke zama gadar da ta haɗa tsohon suna da sabo, don haka dole sunanta na gidan uba ya fito daidai a ciki. Wadda ta fi shan wahala ita ce mai rabi da rabi: banki da sunan miji, fasfo da sunan uba, jarrabawar Turanci da wani.

Daga ina ake fara gyara?

A Najeriya, daga lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ake farawa. Hukumar NIMC, wadda aka kafa da dokar 2007, ita ke riƙe da bayanan, kuma hukumar shige da fice ba ta yin fasfo sai bayanan mai nema sun dace da na NIN ɗinsa. Wanda ya je gyaran fasfo bai gyara NIN ba, komowa zai yi. Bayan su sai lambar banki ta BVN, wadda aka ɓullo da ita a 2014, tun da takardun banki na cikin abin da ake dubawa.

Hanyar da aka saba bi ita ce a yi takardar rantsuwa a babbar kotu, mai bayyana cewa sunaye kaza da kaza na mutum ɗaya ne, sannan a buga sanarwa a jaridar da ake sayarwa a faɗin ƙasa. Waɗannan na da amfani, amma ya kamata a san iyakarsu. Takardar rantsuwa maganar mutum ce a kan kansa; ba ta gyara abin da wata hukuma ta rubuta.

Wata shari'a ta siyasa ta fito da wannan fili. A ranar 13 ga Fabrairun 2020, ana gobe za a rantsar da David Lyon a matsayin gwamnan jihar Bayelsa, Kotun Ƙolin Najeriya ta soke zaɓensa saboda takardun da mataimakinsa ya miƙa wa hukumar zaɓe na ɗauke da sunaye mabambanta. Takardun rantsuwar da aka gabatar domin daidaita sunayen ba su gamsar da kotun ba. Idan haka ta faru a kotun gida, ba a sa ran jami'in wata ƙasa zai fi sassauci.

Saboda haka inda duk zai yiwu, gara a koma wa wadda ta bayar da takardar ta gyara da kanta: hukumar ƙidaya ta ƙasa idan ta haihuwa ce, kotu ko masallaci idan ta aure ce. Inda ba zai yiwu ba, kamar tsohuwar takardar makaranta, sai a bar ta yadda take, a haɗa da rantsuwa da sanarwar jarida, da kuma wasiƙa gajera da Turanci mai sauƙi wadda ta lissafa kowane suna, da takardar da ya fito a ciki, da dalilin bambancin. Jimla guda da ke bayyana cewa Garba laƙabin duk mai suna Abubakar ne a ƙasar Hausa na iya kawar da shakkar da tarin takardu ba su kawar ba.

Ba mai neman biza kaɗai abin ya shafa ba. Wanda ke zaune a Birtaniya shi ma sai sunansa a takardar aure ya dace da na fasfonsa, da takardun albashinsa, da na bankinsa. Idan akwai 'ya'ya, sunan uba a takardar haihuwarsu shi ne ke tabbatar da dangantaka. Inda aka sami shakku iyali na iya kawo sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta bisa raɗin kansu, amma ma'aikatar ba ta da ikon tilasta shi. A watan Oktoban 2018 ministan cikin gida na lokacin, Sajid Javid, ya nemi afuwa a majalisa saboda an tilasta wa wasu iyalai yin gwajin ba bisa ƙa'ida ba.

Lokaci da kuɗi

Dalilin da ya sa ake son gama gyara kafin komai shi ne sauran takardun na da wa'adi. Takardar gwajin tarin fuka wata 6 take yi. Sakamakon jarrabawar Turanci shekara 2. Takardun albashi da na banki na baya-bayan nan kada su wuce kwana 28 a ranar da aka miƙa fom. Duk waɗannan kuma da sunan da ke cikin fasfo ake yin su, don haka wanda ya sauya fasfo a tsakiyar hanya na iya komawa farko.

Kuɗin ma ba kaɗan ba ne. A watan Afrilun 2025 kuɗin neman wannan biza daga waje ya kai fam 1,938, ban da harajin kula da lafiya, wanda aka mayar fam 1,035 a shekara tun watan Fabrairun 2024. Idan aka ƙi bayar da bizar akan mayar da kuɗin lafiya, amma na nema ya tafi. Akwai damar ɗaukaka ƙara cikin kwana 28, sai dai sauraron ƙarar kan ɗauki watanni, miji na can mata na nan. Kuma idan aka zaɓi sake nema, sai wanda ke Birtaniya ya sake tabbatar da cewa ya cika sharaɗin kuɗin shiga, wanda aka ɗaga daga fam 18,600 zuwa fam 29,000 a shekara a watan Afrilun 2024.

A Amurka fa?

Tsarin ya yi kama, hukuncin ne ya fi tsauri. Takardar da miji ko mata ke shigarwa a can, da fom ɗin da mai nema ke cikewa, duka suna tambayar duk sunayen da mutum ya taɓa amfani da su. A dokar shige da fice ta Amurka, wanda aka samu da gangan ya faɗi ƙarya a kan wani muhimmin abu domin samun biza, haramcin shigarsa ba shi da wa'adi, sai dai ya nemi a yafe masa, abin da ba ya samuwa cikin sauƙi.

Batun tantance mutane ya ma taɓa shafar ƙasa baki ɗaya. A farkon 2020 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya bizar zama, tana mai kafa hujja da raunin tsarin tantance shaidar 'yan ƙasa da musayar bayanai. Shugaba Joe Biden ya soke matakin a watan Janairun 2021. A watan Disamban 2025 kuma aka sake sanya Najeriya cikin jerin ƙasashen da aka taƙaita wa biza, aka kuma sanya Nijar a ciki.

Bayan an isa

Samun bizar ba shi ne ƙarshen maganar suna ba. Izinin farko na wata 33 ne, sannan a nemi ƙari, daga baya a nemi zaman dindindin, kuma a kowane mataki ana komawa ga sunan da aka fara da shi. Tun ƙarshen 2024 Birtaniya ta maye gurbin katin izinin zama da shaidar da ke kan intanet, wadda ke haɗe da lambar fasfon mutum. Duk wanda ya sake fasfo ko ya sauya suna sai ya sabunta bayanansa a can kafin ya yi tafiya, in ba haka ba kamfanin jirgi na iya kasa ganin izininsa a ranar da zai koma daga ganin gida.